Riƙon Yaro Bayan Rabuwar Aure: Tsaron Lafiyarsa Shi Ne Ma'auni

Idan aure ya mutu a ƙasar Hausa, abin da aka saba gani shi ne uwa ta tafi gidansu da goyonta, ranar da aka yaye shi kuwa uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. Daga nan yaron da bai wuce shekara 2 ba sai ya koma hannun kishiyar uwarsa, ko kakarsa ta wajen uba, ko wata gwaggo. Wannan al'ada ta yi jijiya ƙwarai, har mutane da yawa suna zaton hukuncin addini ce. Alhali kuwa fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewacin Nijeriya suke aiki da shi, bai faɗi haka ba.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi hadana, watau renon yaro da kiyaye shi daga abin da zai cutar da shi, a lokacin da ba ya iya kiyaye kansa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa bayan saki riƙo na uwa ne, har ɗa namiji ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko haƙƙinta ya faɗi, riƙo yakan koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta, kafin a zo ga kaka ta wajen uba, sa'an nan uban kansa. Ciyarwa da tufatarwa dai suna wuyan uba, ko a hannun wa yaron yake. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwar, ya ɗauke shi. Kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya, aka je gaban Halifa Abubakar, ya umarci Umar ya bar mata yaron, Umar kuwa bai yi musu ba.

Amma fa wannan jeri ba gado ba ne da za a raba ido rufe. Muhtasar na Shaihu Halil ya gindaya sharuɗɗa, kuma duk wanda ya dube su da kyau zai ga tsaron yaro suke nufi. Wajibi ne mai riƙo ya kasance mai hankali, mai amana, mai iya ɗawainiya, ba wanda tsufa ya ci ƙarfinsa ba. Kada ya kasance yana da cuta mai yaɗuwa wadda ake jin tsoron ta kama yaron. Gidan da za a zauna ya zama amintacce, musamman ga yarinyar da ta fara tasawa. Idan namiji ne zai riƙa, sai yana da macen da za ta kula da yaron. Uwar da ta auri wanda ba muharramin yaron ba haƙƙinta yakan faɗi, amma ko a nan malamai sun togace: idan jaririn ya ƙi karɓar nonon wata, ko wanda riƙon zai koma gare shi ba amintacce ba ne, sai a bar shi wurin uwarsa.

Dokokin boko ma a nan suka tsaya. Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta ce a sashe na 71 maslahar 'ya'ya ita ce gaba da kome. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ba yaro haƙƙin ci gaba da ganin iyayensa duka biyu, sai fa idan yin haka zai cutar da shi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta buɗe da wannan ƙa'ida ta maslaha. Ga Musulmi kuwa, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon duba irin waɗannan ƙararraki.

Batun ziyara shi ne inda rigima ta fi yawa. Fiƙihu ya ba uba damar lura da tarbiyyar ɗansa da karatunsa da rana, yaron ya koma wurin uwarsa ya kwana. Haka nan idan riƙo yana hannun uba, ba shi da ikon hana uwa ganin abin da ta haifa. Sai dai ziyara ma tana ƙarƙashin ma'aunin nan guda. Inda aka tabbatar da duka mai raunatawa, ko maye, ko lalata da yaro, ko yunƙurin gudu da shi, alƙali yana da ikon taƙaita ziyarar, ya sa a yi ta da rana a gaban wani dattijo amintacce, ko ya dakatar da ita. A ɗaya gefen kuma, zargi kawai ba hujja ba ne, domin ɓacin rai yakan sa mutum ya yi wa tsohon abokin zamansa ƙazafi. Saboda haka ne alƙali yake bukatar shaidar maƙwabta, da takardar likita, da bayanin malaman makaranta, ya kuma saurari yaron idan ya yi wayo, ba a gaban wanda ake zargi ba.

Abin da ya rage shi ne ilimin ya kai ga jama'a. Mata da yawa suna miƙa 'ya'yansu suna kuka, don ba su san shari'a ta ba su riƙo ba, ko don tsoron uba zai janye ciyarwa, alhali kotu tana iya tilasta masa. Iyaye maza da yawa kuma suna ganin abin kunya ne ɗansu ya zama agola. Tambayar da ta kamaci alƙali da mai unguwa da dangi ita ce: a wane gida ne yaron nan zai ci ya ƙoshi, ya yi karatu, ya kwana ba tare da fargaba ba? Gidan da ya cika wannan shi ya cancanci riƙo.