Fina-finan Tarihi da Shugabannin Yaƙi: Jagora ga Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Fim ɗin tarihi shi ne wanda aka gina labarinsa a kan wani mutum ko wani al'amari da ya taɓa faruwa. Daga cikin irin waɗannan fina-finai, waɗanda suka fi karɓuwa su ne na shugabannin da suka jagoranci jama'arsu a lokacin yaƙi. Abin da ya kamata ɗalibi mai koyon malanta ya fahimta shi ne, fim aikin adabi ne. Yana cin tuwo da miyar tarihi, amma mai shirya shi yakan ƙara gishiri, ya rage wani abu, domin labari ya yi armashi.

2.0 Misalai Uku

Na farko shi ne Lion of the Desert (1981) na Mustafa Akkad, wanda Hausawa suka fi sani da fim ɗin Umar Mukhtar. Ya nuna yadda wannan malamin allo ya jagoranci mutanen Libiya suka yi ta gwabzawa da Italiya har aka kama shi aka rataye a 1931. Gwamnatin Libiya ta zamanin Gaddafi ce ta ba da kuɗin shirya shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai nazari ya tambayi manufar da fim ɗin yake son isarwa.

Na biyu shi ne Sarraounia (1986) na Med Hondo, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Labarin Sarauniya Mangu ce ta garin Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Tarihi ya nuna cewa Turawan sun ci garin, ita kuwa ta janye cikin daji da mutanenta, daga baya sojojin Turawan suka yi bore suka kashe shugabanninsu biyu. Fim ɗin ya haɗa waɗannan abubuwa ya mayar da su nasarar sarauniyar. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a 1987.

Na uku shi ne Amina (2021) na Izu Ojukwu, a kan Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin da aka rubuta game da ita a tsofaffin littattafai, kamar Tarihin Kano da Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bai wuce 'yan layuka ba. Saboda haka yawancin zantuka da soyayya da makirce-makircen fada da ke cikin fim ɗin ƙagagge ne. Masu kallo da dama sun soki tufafinsa da kuma amfani da Ingilishi.

3.0 Yadda Malami Zai Yi Amfani da Su

Malamin da aka tura Batsari ko Safana zai iya tarar da yaran da suka san Umar Mukhtar ta hanyar bidiyo, alhali ba su san Ɗanwaire na Ruma ba, jarumin da ya yi suna a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, zamanin da mayaƙan Maraɗi ke kawo hari ƙasar Katsina ta wajen dajin Rugu. A nan ne fim zai zama ƙofa. Bayan an kalli wani yanki, sai malami ya sa ɗalibai su rarrabe abubuwa uku: abin da tarihi ya tabbatar, da abin da aka ji a bakin magabata, da abin da mai fim ya ƙago. Daga nan sai ya tura su wajen dattawa da marokan fada su tattaro labarin jaruman yankinsu, su kuma auna shi da wannan ma'auni, domin labarin baka ma yana da nasa kambamawar.

4.0 Kammalawa

Idan malami bai yi wannan aiki ba, ɗalibi zai ɗauki abin da ya gani a fim ya rubuta a jarrabawa a matsayin tarihi, ya kuma koyar da shi gobe.

Auna Fahimta

1. Kawo bambanci biyu tsakanin fim ɗin tarihi da littafin tarihi.
2. Tsara darasi na minti 40 a kan wani jarumi na yankinku.