Ful-firem ko ƙaramar sensa: lissafin masu hoto a Zangon Kwatano

Daga Cadjèhoun, inda filin jirgin saman Kwatano yake, zuwa wajen babban masallacin Zango, da wuya mako ya ƙare ba a ɗaura aure ko an raɗa suna ba. Mai hoto ya ɗare bayan zemijan, wato babur ɗin haya, da jaka a kafaɗa, a sauke shi ƙofar gidan biki. A jakar sau da yawa akwai kyamara irin Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012. Da hannunsa ya fara faɗawa, sai abokan sana'a su sa shi gaba: "Malam, yaushe za ka koma ful-firem?"

Duk gardamar a kan sensa take, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa bayan ya ratsa lensi. Ta ful-firem tana da milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai da ma'aunin fim ɗin kyamarar Leica ta Jamus da ta fito a 1925. Ƙaramar, da ake kira APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba: milimita 23.5 da 15.6 a Nikon da Sony, 22.3 da 14.9 a Canon. Kamar faifai ne da tabarma aka shanya a rana: wadda ta fi faɗi ta fi kwasar haske.

Amfanin wannan yana fitowa ne da dare. Walima da kamu galibi sai bayan Magariba, a ƙarƙashin rumfa ko a zaure mai ƙwan lantarki ɗaya. Nan dole mai hoto ya ɗaga lambar ISO, kuma yana ɗagawa hoto ya fara yin tsaki-tsaki, musamman a inuwa da kan baƙar fata. Idan kyamarorin biyu tsara ɗaya ne, ful-firem a ISO 3200 tana ba da tsabtar da ƙaramar ke bayarwa a wajen 1600. Riba ce ta gaske, sai dai ninki biyu ne da ɗan ɗori, ba abin da ake zuzutawa ba.

Na biyu shi ne ƙuncin wuri. Ƙaramar sensa tsakiyar abin da lensi ya hango kawai take ɗauka. Lensi mai milimita 50 a kan Canon 600D yana aiki kamar mai 80, a kan Nikon kamar mai 75. A ɗakin amarya, ga gado ga kabet ga ƙawaye goma, mai hoto zai ja baya har ya jingina da bango bai kwashe su ba. Ful-firem da wannan lensin za ta ɗauki fili mafi faɗi. Ita ce kuma ta fi narkar da abin da ke bayan mutum, fuskar ango ta fito ras, taron ya dushe. A filin Idi kuwa, ko wajen wasan ƙwallo, lissafin juyewa yake: lensi mai 200 a ƙaramar sensa yana janyo na nesa kamar mai 300, ba tare da an ƙara ko sefa ɗaya ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne kuɗi, domin gangar kyamarar ita ce ƙaramin ɓangaren cinikin. Lensin Canon mai alamar EF-S, na ƙaramar sensa, ba ya hawa ful-firem irin 5D ko 6D sam. Na Nikon mai alamar DX yana hawa D750, amma kyamarar za ta yanke gefe, megafiksel 24 ya koma wajen 10. Ke nan wanda ya sauya ganga sai ya sauya lensi, kuma mai kyau irin 24-70 f/2.8 yakan kai farashin gangar ko ya zarce. Ga nauyi: Canon 5D Mark III da wannan lensin sun doshi kilo biyu, a rataye a wuya tun daga ɗaurin aure har a kai amarya.

Mai sayen ta hannu, a Kwatano ko a Legas, yana da ƙarin abin dubawa. Labulen da ke buɗewa a gaban sensa yana da iyakar aiki: Canon ta ƙiyasta sau 100,000 ga 6D, 150,000 ga 5D Mark III, kuma ana iya karanta adadin da kwamfuta kafin a biya. Lensi kuma a haska shi da tocila, domin laimar bakin teku tana tsirar da fumfuna a cikin gilashi. Wani abin da ya fi girman sensa muhimmanci ga mai aikin biki shi ne ramin kati biyu. D750 da 5D Mark III da Sony A7 III ta 2018 suna rubuta hoto a kati biyu lokaci guda, 6D kuwa ɗaya gare ta, kuma ba a sake ɗaura aure don kati ya lalace.

Sai a duba inda hotunan ke ƙarewa. Mafi yawa WhatsApp ake tura su zuwa ga dangi a Kano, Maradi ko Kumasi, manhajar ta matse su. Wanda aka wanke a takarda mai santimita 10 da 15 megafiksel biyu ya ishe shi. A nan uwar amarya ba za ta bambance kyamarar ba, amma za ta ga fuskar da ta yi duhu ko ta kauce wa saiti.

Shi ya sa tsofaffin hannu kan ce wa yaro ya fara da lensi mai faɗin ƙofa, irin 35 ko 50 f/1.8, da filashi mai juya kai a haska silin. Irin wannan lensi yana shigar da haske kusan ninki goma na wanda ke zuwa da kyamara idan an zuƙo shi ƙarshe, wato ya zarce ribar babbar sensa nesa ba kusa ba, a kan kuɗi kaɗan. Sigma ma ta fitar da 18-35 f/1.8 a 2013 musamman don ƙananan sensa. Wanda ya mallaki waɗannan, ya ga har yanzu ƙuncin ɗaki da duhun rumfa na ɓata masa aiki, kuma masu biki na neman babban hoton bango da bidiyon dare suna biya, shi ne ful-firem za ta mayar wa kuɗinsa. Tsohuwar kyamarar kuma ya bar ta a jaka, don ranar da sabuwar ta ƙi tashi ana tsakiyar kamu.