Ƙwai a baka ko kaza a akurki: zaɓen majefi a ƙwallon jami'o'in Amurka

A ƙwallon Amurka, wadda ake riƙewa da hannu ana jifa, babu matsayin da ya kai na kwatabak muhimmanci. Shi ne majefin da ƙwallo ke bi ta hannunsa a kusan kowane hari, shi ne kuma mai karanta tsarin abokan hamayya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka duk shekara kociyoyin jami'o'i sukan shiga tsaka mai wuya wajen ɗaukar ɗalibai daga sakandare: shin yaron da ya riga ya nuna natsuwa da ƙarancin kuskure za a ɗauka, ko kuwa ɗanyen yaro mai ƙarfin dantse da gudu, wanda in ya nuna zai fi kowa, in kuma bai nuna ba an yi asara?

Amurkawa suna siffanta wannan da kalmomin gini guda biyu, wato daɓe da rufi. Mai daɓe mai tudu ba zai faɗi warwas ba ko a ranar da wasa ya ƙi shi. Mai rufi mai tsawo kuwa ba a san iyakarsa ba. Kamfanoni irin su Rivals da 247Sports suna ba yaran taurari, biyar ce ƙololuwa, amma taurarin nan sun fi auna rufin fiye da daɓen.

Shekarar 2018 ta ba mu misalai biyu masu karo da juna. A Jami'ar Clemson, koci Dabo Swinney yana da Kelly Bryant, wanda ya kai ƙungiyar zagayen kusa da na ƙarshe a kakar 2017. Duk da haka, bayan wasa huɗu sai ya ajiye shi ya ɗora sabon shiga Trevor Lawrence. Bryant ya yi fushi ya bar makarantar, Lawrence kuwa ya jagoranci lallasa Alabama da maki 44 da 16 a wasan ƙarshe a Janairun 2019. A Jami'ar Jojiya kuma Kirby Smart ya riƙe Jake Fromm, mai natsuwa, ya bar Justin Fields mai taurari biyar a benci. Fields ya koma Jami'ar Jihar Ohayo, inda a 2019 ya yi jifan ci 41, sau 3 kacal aka cafke masa ƙwallo. Jojiya ba ta shiga zagayen neman kofi ba a 2018 ko 2019.

Mai karatu zai iya cewa ke nan magana ta ƙare, a bi mai rufi. To amma Jojiyar nan dai ita ce ta ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022 da Stetson Bennett, wanda ya shigo makarantar ba tare da an ba shi tallafin karatu na 'yan wasa ba. Sirrin yana wajen waɗanda ke kewaye da shi: 'yan bayan Jojiya biyar aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen ƙwararru na NFL a 2022. Ƙungiyar da ke da irin wannan katanga, abin da take nema wurin majefinta shi ne kada ya zubar da ƙwallo.

A nan ne gizo ke saƙar. Amsar tambayar tana cikin ƙarfin sauran ƙungiyar da kuma tsawon haƙurin da koci zai iya samu daga masu ɗaukarsa aiki. Ƙaramar makaranta irin Wyoming, wadda ta ɗauki Josh Allen lokacin da manyan jami'o'i suka yi biris da shi, ba ta da wata hanyar gogayya da manya sai ta yi kasada. Babba mai tarin gwanaye kuwa tana iya wadatuwa da mai daɓe.

Sai dai dokoki sun sauya lissafin. Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ba tare da zaman jiran shekara guda ba, kuma a shekarar ce aka halatta masa samun kuɗi da sunansa. Yanzu kocin da ya ɓata shekara biyu yana gyara ɗanyen yaro yana iya wayar gari ya ga wata jami'a ta janye shi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko kafin nan, Joe Burrow ya yi shekara uku a Ohayo, amma LSU ce ta ci moriyarsa a 2019 da jifan ci 60 da kofin ƙasa.

Don haka kocin da zai ɗauki mai rufi mai tsawo a yau, lallai ne ya shirya saka shi a fili da wuri, ya kuma haɗiye kura-kuransa na farko. Wanda ba zai iya wannan ba, gara ya nemi gogagge daga wata makaranta tun da fari, maimakon ya yi wa maƙwabci reno.