Karkade Mai Zafi: Namu Ne, Ba Sai Mun Aro Daga Jamus Ba

Wani tsohon ɗalibina da yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023 ya kora har ƙasar Jamus ya aiko mini da tambaya a watan Disamba. Ya ce a kasuwannin Kirsimeti na can ana sayar da wani jan abin sha mai zafi, ƙamshinsa sak na shayin mahaifiyarsa a Omdurman. Abokan aikinsa sun ce masa ya sha kawai, ai wuta ta kori giyar da ke ciki. Shin gaskiya ne, Malam?

Amsar da na ba shi ita ce a'a. Abin da Jamusawa ke kira Glühwein jar giyar inabi ce da ake ɗumamawa da girfa, kanumfari, ɓawon lemo da sukari. Da gangan ba sa bari ta tafasa, domin sinadarin da ke bugarwa yakan fara tashi ne a wajen digiri 78, su kuwa shi suke so ya zauna. Ko da an tafasa ma, ba duka yake fita ba. Al'ada ce tsohuwa a wurinsu, kasuwar birnin Dresden kaɗai tun 1434 take ci, amma ga Musulmi hukuncinta a fili yake.

To, sai dai akwai abin da ya ba ni dariya. A rumfunan nan dai ana sayar da wani marar giya domin yara, Kinderpunsch, kuma sau da yawa da shayin 'ya'yan itace ake haɗa shi. Jan launi da tsamin wannan shayi daga karkade suke, wato zoɓon da kakanninmu suka sani tun kafin su baro ƙasar Hausa. Jamus ta daɗe tana cikin manyan masu sayen karkaden Sudan, wanda ake nomawa a Kordofan da Darfur, a tara a kasuwar amfanin gona ta El Obeid, a fitar ta Port Sudan. Na wajen Rahad shi ne ya fi suna. Ashe yaron namu ya ƙetare teku ne ya tarar da kayan gida cikin kofin Bature.

Mu a nan mun fi sanin karkade da sanyi, lokacin azumi, kusa da hilu-mur. Amma daga Disamba zuwa Janairu, in iskar arewa ta taso, dare a Khartoum yakan sauko wajen digiri 15, wanda ga jikinmu ɗari ne sosai. A irin wannan dare mai zafin ya fi daɗi, kuma matan da ke sayar da shayi a bakin titi sun daɗe da sanin haka.

Ga yadda ake yi a gidana. A ɗora ruwa lita 1 a kan garwashi, a jefa sandar girfa guda, kanumfari 5, citta ɗan gutsure da aka daddaka, da ɓawon lemon zaƙi ɗaya. A kankare farin cikin ɓawon, shi ke kawo ɗaci. A bar su su tafasa minti 10. Kafin nan an ɗauraye karkade cikin hannu biyu da ruwan sanyi, saboda yashi. Sai a sauke tukunyar, a zuba shi, a rufe minti 5 zuwa 7. Nan ne mutane da yawa ke kuskure: sukan dafa karkaden tare da kayan ƙamshi tun farko, sai ya yi baƙi, tsaminsa ya koma kauri. A tace, a sa sukari, a matse ruwan lemon a ƙarshe. A guji tukunyar da ta yi tsatsa, domin tsamin yana cin ƙarfe. Uwargidana takan ƙara masoro biyu ko uku, ni ban cika so ba, amma surukata ta ce in babu shi ruwan ja ne kawai.

Gargaɗi ɗaya ga dattawa. Ana yawan cewa mai sanyi yana saukar da jini, mai zafi yana hawar da shi. Kada a dogara da wannan. Karkade yana iya saukar da hawan jini ko da zafi aka sha shi, saboda haka mai shan magani ya tambayi likitansa kafin ya mai da shi na kullum.

Sukari ya yi tsada tun da aka shiga wannan yaƙi, gidaje da dama kuma ba su da halin lemo. In haka ne, girfa da citta sun wadatar, dabino biyu a gefe su maye gurbin sukari. Haka muka sha ran 1 ga Janairu, ranar 'yancin kai, muka aika wa maƙwabcinmu Kibɗawa nasu ran 7 ga wata, ranar Kirsimetinsu. Ɗalibin nawa kuma na ce masa ya nemi shagon Larabawa ko Turkawa a garin da yake, ya tambayi karkade da sunansa.