Indararo da Tsatsa: Yadda Ake Auna Ƙarkonsa

Batunmu na yau shi ne indararo, watau abin da ke janye ruwan sama daga rufi don kada ya ci bango. Magina na gargajiya kan yi shi da giginya ko yumɓu, amma yau na ƙarfe ya fi yawa, ƙarfe kuwa babban magabcinsa tsatsa.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne lulluɓe ƙarfen da tutiya, dabarar da Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi wa rajista a 1837. Tutiya ita ke fara cinyewa, ƙarfen kuwa yana nan lafiya muddin da saurarta. Ashe ke nan ƙarkon indararo yana ga kaurin tutiyarsa. Kwanon da aka yi wa lamba Z275 yana ɗauke da giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, ciki da waje, watau kimanin maikuron 20 a kowace fuska. Maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

To, yaya ake gwadawa? Tun 1939 aka tsara gwajin feshin gishiri a Amurka, mai lamba ASTM B117. Akan sa ɓallin kwano cikin akwati mai zafin digiri 35, a yi ta fesa masa ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100, a ƙidaya sa'o'i har jar tsatsa ta ɓullo. Sai dai wannan gwaji kwatanta kaya da kaya kawai yake yi, ba ya faɗin shekarun da indararo zai yi a bisa gida, domin a can jiƙewa yake yi ya bushe.

Saboda haka masana kan shanya kwano a fili shekara da shekaru suna aunawa. Bisa ma'aunin ISO 9223, inda iska ke da tsabta da bushewa tutiya ba ta raguwa fiye da maikuron 0.7 a shekara, amma a bakin teku mai gishiri takan rasa 4 zuwa 8. Maikuron 20 ke nan zai kai kusan shekara 30 a wuri na farko, a na biyu kuwa da wuya ya wuce 5.

Amma ko a busasshiyar ƙasa, in ƙura da ganye suka cushe indararo, laima takan kwanta ta ci gindinsa. Don haka mai saye ya tambayi nauyin tutiya, magini ya ba shi gangare, maigida kuma ya share shi kafin damina ta faɗi.