Ajiyar Fetur Da Kananzir Da Gas: Dokoki Da Dalilansu

Kowace shekara in hunturu ya shigo, labarin gobara yakan yawaita a garuruwanmu. Cikin watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma a yau da wuya ka shiga gida ko makaranta ko ofis ba ka tarar da jarkar fetur ta janareta, ko galan ɗin kananzir, ko tukunyar gas ta girki ba. Saboda haka ya kamata malaman makaranta da akawuna, waɗanda mabuɗan sito ke hannunsu, su san dokokin ajiyar waɗannan abubuwa, su kuma san dalilinsu. Gama wanda ya san dalilin doka ba ya saurin karya ta.

Dalilin kuwa ɗaya ne, watau tururi. Abin da wuta ke kamawa shi ne tururin da ke tashi daga mai yana gauraya da iska. Fetur yana fid da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da daskarewar ruwa. Kananzir kuwa sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. To, a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan wuce digiri 40, balle cikin sito mai rufin kwano. Ashe ke nan kananzir ma ba abin sakaci ba ne.

Tururin fetur da gas na girki duka sun fi iska nauyi. Ba su tashi sama su watse, sai su kwanta ƙasa, su bi ƙarƙashin ƙofa da magudanar ruwa har su iske murhu ko fitila, sa'an nan wutar ta biyo su zuwa inda suka fito. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu.

Ga dokokin da suka fito daga wannan dalili. Na fari, a ajiye mai a ɗaki dabam mai shan iska, nesa da madafa da ɗakin kwana da aji, kada kuma a tare ƙofar fita da shi. Na biyu, a zuba shi cikin mazubi mai murfi sosai, a bar ɗan fili a sama domin mai yana kumbura da zafi, a kuma rubuta sunansa a jiki. Kada a sayo kananzir cikin jarkar da aka taɓa zuba fetur, gama fetur kaɗan ya isa ya fasa fitila ko risho. Na uku, kada a ƙara wa janareta mai sai an kashe shi ya huce.

Tukunyar gas kuwa, a tsaye ake ajiye ta, cikin inuwa, ba cikin rami ko kabad rufaffe ba. Ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100, domin ruwan da ke ciki ya sami wurin kumbura. Wannan ruwa in ya kuɓuce yakan zama iska mai girman kamar ninki 250. In an ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe tagogi, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Da ruwan sabulu ake neman inda ke yoyo, wurin zai yi kumfa.

In wutar mai ta tashi, kada a watsa mata ruwa, gama mai yakan hau kan ruwa ya bazu da wutarsa. Yashi ake zubawa, saboda haka kada sito ya rasa bokitin yashi a bakin ƙofa. A fid da yara tukuna, sa'an nan a kira 'yan kwana-kwana.

Ga masu ajiya domin sayarwa, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, ita ke ba da lasin ajiya da sayar da mai da gas. Wanda ya tara durorin fetur cikin unguwa ba lasin, ya karya doka, ya kuma sa rayukan maƙwabta cikin haɗari.

Malamai, ku sanya wannan cikin darasin kimiyya, gama yaran da ke gabanku su ne ake aike sayen kananzir, su ne ke kunna risho. Akawuna kuwa, ku zaga sitonku tun kafin iskar hunturu ta kaɗa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.