Hutun hunturu: Abin da tsibirin Tenerife ke sayarwa da abin da fadamar Haɗeja ke da shi

Tsakanin watan Nuwamba da na Maris, lokacin da sanyi ke rufe arewacin Turai, baƙi iri biyu ne ke baro can su nufo kudu. Na farko mutane ne, galibi 'yan Ingila da Jamus, waɗanda ke shiga jirgin sama su yi tafiyar awa huɗu ko biyar su sauka a tsibiran Kanari da ke tekun Atlantika. Na biyu kuwa tsuntsaye ne, waɗanda ke ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara da fikafikansu, su sauka a fadamun kogin Haɗeja, daga ƙasar Kafin Hausa da Auyo har zuwa Kirikasamma da Guri da Nguru. Ɗumi dukansu ke nema. Baƙin Kanari sun mayar da tsibiran da duwatsu masu aman wuta suka haifa wurin samun kuɗi, baƙin Haɗeja kuwa mutanen birane kaɗan ne suka taɓa zuwa ganinsu.

Tsibiran Kanari mallakar ƙasar Sifaniya ne, ko da yake a gefen Afirka suke, domin wanda ya fi kusa da Maroko tazararsa ba ta wuce kimanin kilomita 100 ba. Daga sunansu ne tsuntsun nan kanari ya samo nasa sunan. Mafi girma a cikinsu shi ne Tenerife, kuma a tsakiyarsa dutsen Teide yake, mai tsayin mita 3,715, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Sifaniya. Rabon tsibirin da aman wuta tun 1909, amma wutar da ke ƙarƙashin yankin ba ta mutu ba: a watan Satumban 2021 wani dutse ya fashe a tsibirin La Palma da ke kusa, ya yi kwana 85 yana amai, ya binne gidaje da gonakin ayaba.

Abin da mai hutu ke yi a Tenerife ba shi da wuyar lissafi. Da safe zai yi wanka a teku a bakin gaɓar da yashinta baƙi ne, saboda daga narkakken dutse ya samo asali. Da hantsi zai hau mota ya bi hanyar da ke ratsa dajin itatuwa har ta kai shi wani fili mai faɗi wanda babu komai a cikinsa sai ƙonannun duwatsu ja da baƙi. Daga nan wani akwati mai tafiya a kan igiyar ƙarfe zai ɗauke shi, cikin minti takwas ya kai shi tsayin mita 3,555. Wanda ke son taka ƙololuwar dutsen sai ya nemi takardar izini tun da wuri, domin an ƙayyade yawan masu hawa a kowace rana. Wasu kuma kwale-kwale suke shiga su je kallon dolfin da sauran manyan dabbobin teku, da dare kuma a kai su kallon taurari.

Abin lura a nan shi ne dutse da teku da rana duk halittar Allah ne, mutanen tsibirin ba su ƙara musu komai ba. Abin da suka yi shi ne tsari. An mayar da kewayen Teide gandun ƙasa tun 1954, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007, aka shimfiɗa titi, aka horar da 'yan rakiya, aka kafa dokar inda za a taka da inda ba za a taka ba. A 2023 baƙi kusan miliyan 16 ne suka ziyarci tsibiran Kanari, alhali mazaunansu ba su fi miliyan biyu da 'yan kai ba. Abin har ya yi yawa, domin a watan Afrilun 2024 dubban mazauna sun fito zanga-zanga suna kukan tsadar haya da ƙarancin ruwa.

Ga ɗan kasuwar Kano ko ma'aikacin gwamnati a Dutse, zuwa Tenerife na buƙatar bizar Turai da guzurin kuɗin Yuro, abin da ya fi ƙarfin yawancin masu albashi. Fadamar Haɗeja kuwa tafiyar wuni ɗaya ce a mota, kuma kakarta ta zo daidai da hutun ƙarshen shekara.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya taso, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Da ya shigo gabashin Jigawa sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rarrabu zuwa rassa. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake kira kogin Kafin Hausa, wani kuma ya nufi tafkin Nguru ta mashigar Marma. A ƙarshen damina ruwa kan malale tsakanin tuddan, har wasu ƙauyuka su zama tsibirai, ba a kai gare su sai da jirgin ruwa. Idan ruwan ya fara janyewa sai ya bar tafkuna da laka cike da kifi da ƙwari da tsabar ciyawa, kuma wannan ne abincin da ke jawo tsuntsaye daga nesa.

Masana sun ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 370 a wannan yanki. Akwai 'yan gida da kowa ya sani, irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela, akwai kuma baƙi, wato agwagin dajin Turai da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda ke tashi dubbai a lokaci guda har su rufe wani sashe na sama. Wanda ya tsaya a bakin tafki da asuba a watan Janairu, hazo na kwance a kan ruwa, masunta na tura jiragensu da gora, ya ga abin da ba ya bayyana a hoton waya. Darajar wurin ta sa tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sanya cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kirikasamma ya biyo baya a 2008. Tun kafin haka, a 1989, Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya je Dagona da ke ƙasar Bade domin ganin tsuntsayen.

Ba tsuntsu kaɗai ake kallo ba. Garin Haɗeja na da fadar sarki da tarihin yaƙin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya yi da Turawa a 1906, yana kuma da kasuwar kifi wadda fatake ke zuwa daga nesa su sari busasshiyar tarwaɗa. Wanda ya zo lokacin Sallah zai ga hawa. Kafin Hausa, inda Jami'ar Sule Lamido take tun 2013, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Haɗeja.

Sai dai abin da ake son sayar wa baƙo a nan ruwa ne, kuma ruwan ba ya hannun mutanen fadama. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin kogin ya sauya. A da yakan cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu kuwa ambaliyar shekara ta ragu ƙwarai, sannan ruwan da ake saki daga madatsun yana gudana har cikin rani. Wannan ruwa da ba ya yankewa shi ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa. Inda ta toshe, wasu gonaki na nutsewa shekara da shekaru, wasu kuma na bushewa. Cikin kachalar ne jan-baki ke kwana, da safe ya faɗa wa gero da shinkafa, shi ya sa manomin da aka yi wa zancen kare tsuntsaye yakan yi shiru ya dubi mai maganar. A 2020 da 2022 kuma ambaliya mai tsanani ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri.

Ta fuskar hukuma an ɗan motsa. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙirƙirar sababbin gandayen ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja, kuma a 2024 Gwamna Umar Namadi, wanda shi kansa ɗan Kafin Hausa ne, ya miƙa wurin ga hukumar kula da gandayen ƙasa. Suna a takarda ba ya kawo baƙo. Abubuwan da suka sa Teide ya zama abin zuwa ƙanana ne idan aka kwatanta da gina madatsa: hanyar da mota za ta bi, ɗan rakiya da ya san sunan abin da yake nunawa, jirgin ruwa mai rigar kariya, masauki mai tsabta da farashin da aka rubuta. Idan kuma masunta da manoman ƙauyukan ba su ga rabonsu a ciki ba, farauta da saran itace ba za su tsaya ba.

Mai niyyar zuwa ya sa ranarsa tsakanin Disamba da Fabrairu, ya kwana a Haɗeja domin ya isa bakin ruwa kafin rana ta ɗaga. Ya nemi izinin jami'an gandun da na masu garin da zai shiga, ya riƙe rigar sanyi da madubin hangen nesa, kada kuma ya shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima. Daga watan Maris tsuntsayen Turai kan fara komawa arewa, tafkuna da yawa kuma kan zama gonakin rani.